Ƙyauren da Glory ta ƙera

"Na gode Mama, ba zan sha ba," in ji Sandra, ta ture kofin ruwan da na miƙa mata. "Daga nan aiki zan koma."

Glory tana kwance a katifa, ƙafafunta sun kumbura har fatar tana sheƙi. Ta ɗago kai da ƙyar.

"Tun yaushe kin daina sha?"

"Tun satin da aka ɗauke ni."

Glory ta juya fuska wajen bango. Shekara tara ɗakinta yana jikin nawa a Durumi, sai ran nan na fara ganin hawayenta.

Mai walda ce a wani kamfanin ƙera ƙofofi a Idu, ita kaɗai mace cikin maza talatin, kafin a ɗauko Sandra bana. Banɗakin wurin biyu ne a jere, duk babu ƙyaure. Maza ba ruwansu, ko bayan katanga suka samu ya ishe su. Glory kuwa dabarar da ta yi, ta daina shan ruwa daga fitarta da safe har ta dawo. Ga zafin wuta, ga rana. In ta shigo gida ko gaisuwata ba ta amsawa, bayan gida take nufa a guje, ni kuma ina tsokanarta.

"'Yar Kuje, wa ya koro ki?"

"Maman Amir, bari, zan dawo in zage ki da kyau."

Likita ya ce ƙodarta ce ta lalace. Ban yi boko ba, ba zan ce ga abin da ya jawo ba. Abin da na gani na faɗa.

Da Sandra ta tafi, Glory ta kira ni. Ta ce shekara huɗu da suka wuce ta tattara guntayen ƙarfe ta ƙera ƙyaure da hannunta, har da sakata. Oga Godfrey ya hana a kafa. Wai mace ɗaya ba za ta canja masa tsarin kamfani ba, in tana son ƙyaure ta koma kicin ɗin mijinta. Ƙyauren yana nan bayan janareta.

"Ki je ki gaya masa," ta ce. "Ni na gama. Amma wannan yarinya, ƙodanta sabo ne."

Washegari na bar kaskon masata na hau mota. Ban taɓa shiga kamfani ba. Ƙara kamar kunne zai fashe. Wani ya hango ni ya yi ihu, "Oga, ga sabuwar injiniya!" Aka kwashe da dariya.

Oga Godfrey bai ce in zauna ba.

"Madam, yaya jikin Glory? Wallahi namiji ce, aikinta ya fi na mutum uku."

"Ranka ya daɗe, namijin ne ya aiko ni. Ƙyaure take so a kafa."

"Har yanzu maganar nan? Ku mata ba kwa mantuwa."

"Ba ta da sauran kwana da yawa, oga."

Ya daɗe yana danna waya. Can ya ce to, a kafa, amma ba a lokacin aikinsa ba, kuma tunda Sandra ta samu nata, wankin banɗakin duka biyu ya koma kanta. Wani dattijo mai furfura, Malam Kabir, wanda suka fi shekara goma suna walda tare da Glory, ya raka ni bakin get.

"Ki ce mata ranar Lahadi zan zo in kafa," ya ce, kansa a ƙasa. "Tuntuni ya kamata."

Da na faɗa mata sharaɗin oga, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Shege. Ki ce wa Sandra ta karɓi ƙyaure tukuna. Faɗan tsintsiya nata ne."

Ranar Asabar da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa, ta tambaye ni yau wace rana. Na faɗa mata. Ta ce, "Saura kwana ɗaya." Kafin azahar ta cika. 'Yan cocinsu suka zo suna waƙa a hankali, ni kuma na yi mata addu'a irin tawa.

Ranar Litinin da la'asar, kafin a wuce da gawarta garinsu Kuje, Malam Kabir ya yi sallama. Bai shigo ba, a bencin ƙofar gida ya zauna, jan fenti duk a farcensa. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya laluba aljihu.

"Jiya na kafa ƙyauren. Kwaɗon da na saya makulli biyu gare shi. Na ba Sandra ɗaya. Wannan na Glory ne."

Ban san wa zan ba ba. Na shiga ɗakinta, an riga an naɗe katifar. Na rataye shi a ƙusar bayan ƙofa. Ya ɗan yi lilo, ya tsaya.