Masu Tallafe Giwa

Tun daga bakin ƙofa mai gyara ya ji ƙarar ba ta kwanta masa ba. Inji mai lafiya gurnani yake yi. Wannan kuwa akwai wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin gurnaninsa, irin wanda ba ya ƙarewa da alheri.

Giwa ake ce wa babban injin gidan wankin, mai haɗiye barguna da zannuwan gadon asibiti. A bayanta akwai maɓallin tsaro, wata siririyar waya ce a tsakiyar zoben ƙarfe. In jijjiga ta yi yawa wajen matse ruwa, sai wayar ta taɓa zoben, inji ya mutu nan take. Saboda shi manaja ya kira mai gyara.

"Sassauta shi kawai za ka yi," in ji manaja. "Motsi kaɗan ta tsaya, motsi kaɗan ta tsaya. Dubi kaya har rufi."

Kafin ya ba da amsa Giwa ta shiga matse ruwa. Gwaggo, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta yar da tawul ta ƙwala kira: "Ta fara! Ku taso!"

Mata suka bar ninki, suka juya baya suka jingina da injin, suka kafe ƙafa a ƙasa. Haka suke danne jijjigar kullum don kada maɓallin ya ji. A tsakiyarsu ga Auta, 'yar mai gyaran ta ƙarshe, wadda shi da kansa ya samo wa aikin, cikinta ya fara turo riga. Kumatunta sai rawa suke, tana dariya.

"Ke! Tashi daga nan!" Ya kai hannu ya kashe wuta.

"Haba Baba, tausa ce kyauta," in ji Auta.

"Injiniya, kai da ba ka taɓa ɗaukar ciki ba, ina ka san daɗinta?" in ji Gwaggo. Aka kwashe da dariya, ban da shi.

Ya kwanta rubda ciki ya haska tocila. Maɓallin lafiyarsa ƙalau, gaskiya yake faɗa. Ciwon yana ƙasa. Ɗaya daga cikin ƙusoshin da suka riƙe ƙafar Giwa ta yi lako-lako a raminta, simintin gefenta ya tsage. Ya sa sifana ya ɗaure, noti sai juyawa yake bai kama komai ba.

Ya ɗago ya dubi manaja. "Ranka ya daɗe, a tsayar da ita a sake zuba siminti."

"Za a zuba, in kaya sun ragu. Yanzu dai ka taɓa abin nan, ko in kira wani ya cire shi gaba ɗaya."

Mai gyara ya zauna a kan dugadugansa, gumi na bin bayansa. In ya bar maɓallin yadda yake, gobe ma Auta za ta manna bayanta a jikin Giwa. In ya sassauta, ba mai buƙatar jingina, amma kuma ya toshe bakin abu ɗaya tak da ke iya cewa a tsaya. In kuwa ya tafi, wanda zai zo ba shi da 'ya a ɗakin. Gaba kura, baya sayaki.

Ya kwance zoben, ya matsar da shi kamar faɗin farce, ya ɗaure.

Aka cika ta da barguna aka kunna. Ya ware hannu ya tare matan a bayansa. Giwa ta ɗauki gudu, ta yi rawarta, ba ta tsaya ba. Gwaggo ta yi guɗa, manaja ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Shi kaɗai yake kallon ƙasa, inda farar ƙura ke fesowa daga tsagar simintin, kaɗan-kaɗan, kamar wani abu na numfashi a ciki.

Ya ja Auta gefe. "Ki koma ɗakin guga. Ko kusa da Giwa ban yarda ki tsaya ba."

"To, Baba."

"Ba 'to' ta fatar baki ba."

"Na ji. Ka gaida Umma, ka ce mata ƙafar ta daina kumburi."

Ya ɗauki jakar kayansa ya fita titi, ƙarar na biye da shi har kwana. Bai san ranar da za a zuba simintin ba, bai kuma san ko ƙusar za ta kai ranar ba.