Suga a Bayan Hannuna

...kuma ba zafi ba ne, ai na san zafi. Wannan zufar sanyi gare ta, daga ƙeya take gangarowa. Sugana ya fara sauka ke nan. Sista Hauwa'u, kina can asibiti, ya fara, ga ni kuwa zaune a ɗakin Inna, ƙafafu cikin leda, hannuwa biyu a shanye bisa matashi, lalle ko tsotsewa bai yi ba. Jibi za a kai ni Kalgo, gidan Lukuman. In na ga jibin.

Allurar ciwon sugan... eh, na yi. Kin ce kar ki tsira allurar sai kin ga abinci da idonki, Rumaisa. To na gani! Shinkafa ce da wake, har na wanke hannu. Sai ga Mufida mai lalle ta faɗo afujajan, wai wata amarya na jiranta, a miƙo hannu yanzu ko ta wuce. Aka janye kwanon. Wai kya ci in lallen ya sha iska. Ga shi can bakin gado, an kifa masa faifai.

Alawata fa? Tana cikin jaka — a'a. Inna ta zazzage jakar jiya, ta rabar wa yaran maƙwabta. Mai ciwon suga da alawa, so kike ki kashe min kanki ana saura kwana uku? Tare muka je asibitinku da ita, Sista, kina gani. Kika zaunar da ita kan benci, kika ce ciwon nan hawa yake, sauka yake, saukar ta fi saurin kisa. In kin ga tana rawa tana zufa, ba ta mai zaƙi nan take. Inna ta yi ta gyaɗa kai, to, to, madalla. Ko titi ba mu kai ba ta ce yaran asibitin nan akwai rikici, a ce wuta a ƙara mata itace?

Yatsuna na karkarwa. Mufida ta ja tsaki, wai zan karkata mata fure.

Waya na ruri gefen gwiwata. Lukuman. Shi kam ya ji ki, shi da ya koma ya tambaye ki sau nawa — in ta suma fa? Kar ka ɗura mata komai, kwantar da ita ta gefe, shafa zuma a dasashi, ka kawo ta. Har yau da ƙullin suga yake yawo a aljihu, abokai na yi masa tsiya. Amma Kalgo yake. Ko a zaure yake ma, wa zai bar ango ya shigo ranar ƙunshi? Ƙawaye sun sa shewa: amarya na ɓari, ango ya kira! Kai, ku yi min shiru mana... dariyar me? Haushi nake ji, haushin kowa, wannan ma kin ce alama ce.

Na faɗa. Na rantse na faɗa. Suga, na ce. Ko a zuci na ce? Harshen ya yi nauyi kamar an cusa min tsumma. Inna ta leƙo, ta dafa goshina, ta yi salati. Ciwon ya taso, kun ji har sunansa take kira. Ta fita da gudu, ina jin turmi. Shuwaka za ta kirɓa. Shuwaka, Sista! Mai ɗaci, don ya sauka. Ina kuma zai sauka, Inna, ƙasa ta ƙare...

Ina son ta. Wallahi ina son ta. Ita ta kwana zaune a kaina lokacin da aka gano ciwon, ta daina shan koko da suga don kar in gani in yi kwaɗayi. Tsoro nake ji. Ban taɓa jin irin wannan tsoron ba.

Ƙofar ta zama biyu. Mufida biyu. Tana tsoma auduga a ɗan kofi tana ɗiga min a bayan hannu, wai don lallen ya kama, kar ya zube. Me ke ciki... lemun tsami ne da... ɗanko yake yi. Yana sheƙi. Ƙuda ya sauka, ya ƙi tashi.

Suga ne.

Suga ne a hannuna, nan, nan kusa, in sunkuya kawai, in lasa — kofin ma ga shi. Ɗago, hannu. Ɗago mana. Ya taso... ya taso kaɗan...

Inna ta riƙe min tsintsiyar hannu, a hankali, tana kuka, ƙwaryar shuwaka na ɗaya hannun.

"Kar ki ɓata, ɗiyata. Buɗe baki."