Kwalaye Tara, Babu Rigar Mace

Tun kafin ya kashe motar Salmanu ya san asirinsa ya tonu. Kwalaye tara ne a bakin siton Alhaji Oumarou da ke unguwar Ras Al Khor a Dubai, duk an farke su, rigunan ƙwallo shuɗaye a baje a kan katako kamar kayan gwanjo. Kayan da bai kamata su biyo ta nan ba. Sau uku yana jan kunnen Zainul Abideen, dillalinsa na Guangzhou a China, cewa a sako su a jirgin sama kai tsaye zuwa kwalejin da yake aiki.

Ya fito, zafin watan Mayu ya mare shi, amma gumin da ke bin bayansa ba na rana ba ne.

Alhaji na zaune a kujerar roba kusa da sikeli, riga ɗaya a cinyarsa, yana shafa tambarin ƙirjinta da babban yatsa. Mutumin Damagaram ne, shekara ashirin da biyu yana aika kayan 'yan kasuwa daga Dubai zuwa Kano da Maraɗi. Shi ya tsinto Salmanu a wani otal a unguwar Deira shekara takwas da suka wuce, bizarsa na gab da mutuwa, aljihunsa ya riga ta. Ya ba shi ɗaki, ya nemo masa hanya har ya zama jami'in wasanni a wata ƙaramar kwaleji. Shekara shida ke nan sunan kamfanin Alhaji ne a ƙirjin 'yan wasan kwalejin, shi yake sayen rigunan daga aljihunsa.

"Alhaji, barka da rana."

"Barka kadai, ɗana. Matso ka karanta mini wannan, idona ya fara tsufa."

Salmanu ya matso. Tambarin Gasar Zinariya ne, a ƙarƙashinsa kuma sunan wani katafaren kamfanin jigilar kaya.

"Ko na canza suna ne ban sani ba?" in ji Alhaji.

Badaru, dattijon akawun siton, ya leƙo daga bayan kwalayen da biro a kunne. "Shi fa Zainul cewa ya yi jirgin sama ya yi tsada, kuma ai kayan gida ne, kullum ta hannunmu suke biyowa. Ya ce ya rage maka kuɗi, wai ka tuna da shi da goro."

Babu wanda ya yi dariya.

"Bon," in ji Alhaji, ya ninke rigar a hankali. "Suna ba komai ba ne. Kasuwa ce, wanda ya fi ka ya fi ka. Amma ni ɗan kago ne, ƙirga kaya sana'ata ce. Na ga na ƙwallon ƙafa, na ga na kwando. Kowace shekara akwai kwali ɗaya na daban, masu dogon hannu, da dogon wando, da ɗankwali. Na sa Badaru ya kira China ko sun bar kwali a ƙasa. Suka ce tara aka yi oda, tara suka sako." Ya ɗago kai. "Ina rigunan su Safiatou?"

Safiatou 'yarsa ce, autar gida, kyaftin ɗin ƙwallon raga ta mata. Da wasanta take karatun haɗa magunguna kyauta, saura mata shekara ɗaya ta gama. Kuma tunda hanyar kai kaya Nijar ta rikice, kowa a Deira ya san Alhaji ba shi da ƙarfin biyan kuɗin shekarar nan, ko da zai sayar da sikelin da yake zaune kusa da shi.

Salmanu ya dubi ƙasa. Taron nan na watan Fabrairu ya dawo masa tsaf, har da ƙamshin kofin da ke teburin.

Kwalejinsu na cikin Gasar Bakwai ne, ƙungiyar ƙananan kwalejoji bakwai masu zuwa wasa a bas, 'yan kallo daga iyaye sai masu gadi. Sai Gasar Zinariya ta yi musu tayi a asirce. Ita ana nuna wasanninta a intanet, kowace kwaleji na da kason dirhami miliyan ɗaya a shekara. Matsalar ɗaya ce. Dokar Gasar Bakwai ta ce mai fita ya ba da sanarwar shekara guda, ko ya biya dubu ɗari huɗu. Wanda kuma aka kama yana cinikin ficewa ana tsaka da kakar wasa, tararsa ta ninka. Shugaban kwalejin ya tambayi inda za a samo kuɗin. Salmanu, wanda aka riga aka raɗa wa cewa kujerar darakta na jiransa, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna layi ɗaya. Sabuwar gasar ba ta da ƙwallon raga ta mata. 'Yan mata goma sha biyu, biyar daga cikinsu da tallafin karatu. A rushe su, lissafin ya fita har da canji.

Ba wanda ya matsa masa. Ba wanda ma ya kalle shi kafin ya yi magana. Abin da ke cin ransa ke nan wata uku, yana zuwa gidan Alhaji duk Juma'a yana cin dambun zogale, yana cewa a gaida Hajiya.

"Alhaji," in ji Salmanu, "an rushe ƙungiyar. Sai watan gobe za a sanar."

"An rushe. Iska ce ta rushe ta?"

"Ni na kawo shawarar."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Salmanu ya gwammaci mari.

"Ba ni za ka faɗa wa ba," in ji Alhaji daga ƙarshe. "Ga mai kayan nan."

Tasi ce ta tsaya a bayan motar Salmanu. Safiatou ta fito da jakar wasa a kafaɗa, abaya a kan kayan atisaye, yatsunta biyu a naɗe da farin filasta. Tana hango rigunan fuskarta ta washe.

"Tonton Salmanu, har sun iso? Shuɗi bana? Papa, ka ce in zo da sauri, na ɗauka wani abu ne ya faru." Ta ɗaga riga ɗaya ta kara a jikinta, ta yi dariya. "Wannan ai ta Hafiz ɗan ƙwallon kwando ce, mai kafaɗa kamar firij. Ina namu?"

Alhaji ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Salmanu ya faɗa mata. Bai tsallake komai ba, har da kwamfutar, har da kujerar darakta. Yana magana yana kallon filastar yatsunta don ya kasa kallon idonta.

Ta mayar da rigar cikin kwali, ta gyara mata zama.

"Fabrairu," ta ce.

"Eh."

"To ranar da na zo ofishinka da takardar Sharjah fa? Mako uku ke nan."

Nan ne wuƙar ta shiga. Wata kwaleji a garin Sharjah mai maƙwabtaka da Dubai, ita ma 'yar Gasar Bakwai, ta yi mata tayin tallafi cikakke. Ta kawo masa takardar don ba ta yanke komai sai ta ji ta bakinsa. Ya san idan kyaftin ta tashi ana tsaka da kaka, tambayoyi za su biyo baya. Sai ya ce mata gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, ta zauna, baɗi kofin gasar nasu ne.

"Har karin magana ka yi mini, Tonton," ta ce. "Na je gida na maimaita wa Maman, ta ce kai mai hankali ne."

"Safiatou, ki yafe..."

"Non. Kar ka fara ta nan. Yafiya ba ta biyan kuɗin makaranta." Ta gyara zaman jakar a kafaɗarta. "Sauran 'yan matan fa? Aishat da ta bar aikin kanti saboda atisaye? Jiya ka tsaya kana tafa mana, kana cewa yalla banat, wai mu ƙara himma 'yan mata."

Badaru ya cire biron daga kunnensa ya sake mayarwa.

Ta zaro waya ta koma gefe, inuwar wata kwantena. Sun ji tana magana da Turanci, gajeru-gajeru. Da ta dawo idonta ya yi ja amma a bushe yake.

"Madam Ummulkhair ce, kocin Sharjah. Ta ce gurbin na nan, amma gobe Alhamis ƙarfe goma sha biyu ake rufe sauya sheƙa. Kuma ka san dokar, kai ka koya mini ita. Wanda ya sauya kwaleji bayan watan Afrilu sai ya zauna shekara guda ba wasa, wanda ba ya wasa kuma ba shi da tallafi. Khalas, shi ke nan. Ko na je banza ne."

"Sai dai idan..." Salmanu ya tsaya.

"Sai dai idan me?" Alhaji ne, bai juyo ba.

"Sai idan ƙungiyar da ta baro rushe ta aka yi. Jami'in wasanni ya rubuta haka a fom, ya sa hannu, ya buga hatimi. To ba za ta zauna ba."

"Wane ne jami'in wasannin?"

"Ni ne."

"Voilà, ka gani."

Salmanu ya san abin da zai biyo baya. Fom ɗin ofishin Gasar Bakwai zai tafi. Duk wanda ya karanta zai tambayi dalilin rushe ƙungiyar da ke mataki na biyu a tebur. Kafin Asabar za a gano cinikin, tara ta koma dubu ɗari takwas, shugaban kwaleji kuma ba zai sha wahalar gano wanda ya buga hatimin ba. Aiki ya tafi. Biza kuwa a garin nan jela ce a jikin aiki, inda ya tafi nan take bi. Matarsa na da ciki wata bakwai a wani ɗan fulat a unguwar Al Nahda.

Ba wanda ya roƙe shi. Safiatou na kallon titi, Alhaji na kallon bango. Kamar dai ranar taron, babu mai matsa masa.

Ya taka zuwa motarsa, ya buɗe aljihun gaba ya ɗauko hatimin da fayil ɗin fom da kullum yake yawo da su saboda ranakun wasa. Ƙarfen ƙofar ya ƙona masa tafin hannu, bai saki ba.

"Badaru, aro mini biro."

A kan kwali na tara ya duƙa ya rubuta. Sunanta, lambarta, sai layin dalili. Ya rubuta cewa kwalejin ta rushe ƙungiyar ƙwallon raga ta mata tun watan Fabrairu. Gumi ya ɗigo a gefen takardar, ya goge da hannun riga, ya sa hannu, ya danna hatimin da ƙarfi. Sannan ya zaro wasu fom huɗu, ya cike su, ya buga musu hatimin.

"Na su Aishat," ya ce. "Ki kai musu yau. Kowa ta nemi inda za ta."

Safiatou ta karɓa, ta karanta layin dalilin sau biyu. Ba ta ce na gode ba. Ta buɗe jakarta ta sa su a tsakiyar wani littafi don kar su lanƙwashe.

Alhaji ya juyo da kujerarsa. Ya dubi Salmanu daga sama har ƙasa.

"Badaru, ba shi ruwa. Ya yi baƙi kamar gawayi."

Salmanu ya karɓi gorar da hannu biyu, ya kasa sha. Wannan ruwan ya fi duk maganar da aka yi ci masa rai.

Badaru bai koma wurinsa ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya. "Alhaji, akwai wata 'yar magana. Da safe, kafin ka iso, alamar da ke jikin kwalayen ta goge da ruwa. To ka san yadda muke yi in kaya ba suna. Na buɗe ɗaya na ɗauki hoto na sa a gurup ɗin kwastomomi, na ce kayan wane ne."

Salmanu ya ajiye gorar. "Mutum nawa ne a gurup ɗin?"

"Ba yawa. Ɗari shida da wani abu."

"Ƙarfe nawa ka sa?"

"Takwas."

Yanzu saura kaɗan ƙarfe ɗaya. 'Yan kasuwa ɗari shida, kuma aƙalla goma daga cikinsu na da 'ya'ya a kwalejojin Gasar Bakwai.

Wata farar mota mai duhun gilashi ta karyo kwana ta tsaya daidai bakin siton, ta tare motar Salmanu. Mutumin da ya fito dogo ne, da kwat duk da zafin, kati na lilo a wuyansa da tambarin Gasar Bakwai. Salmanu ya san kowa a ofishin gasar, amma bai taɓa ganin wannan fuskar ba.

Mutumin ya dubi wayarsa, ya dubi rigunan da ke baje, ya gyaɗa kai kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata. Ya yi sallama a taƙaice, sannan ya ce cikin Turanci, "Wane ne Mista Salmanu?"

Kafin a amsa masa, idonsa ya sauka a kan hatimin da ke bisa kwali, tawadarsa ba ta bushe ba. Daga nan ya koma kan jakar da Safiatou ta rungume a ƙirjinta.

"Duk takardar da aka buga wa wannan hatimin yau," ya ce, yana miƙo hannu, "ina son ganinta."