Da'irar Alli a Murfin Inji

A gidanmu ba a sayen mota sai Baba ya saurare ta. Ban ce ya duba ba, saurara na ce. Shekara arba'in ya yi yana kanikanci, kuma yana da wata doguwar sukundireba wadda mariƙinta na katako ya yi baƙi don riƙo. Sai ya sa a tayar da mota, ya ɗora bakin ƙarfen a jikin inji, ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. In ya buɗe ido ya ce a saya, to a saya. In ya ce mu tafi, ko dillali zai yi birgima a ƙasa, tafiya za a yi. Kawunnaina, mazan yayyena, har maƙwabta, duk ta kunnen Baba suka yi mota.

Ni ce autarsa, kuma rabin ƙuruciyata a garejinsa na yi ta, ina zaune kan tsohuwar taya ina aikin makaranta. Na san tsarinsa sarai. In mai koyon aiki ya gama duba mota ya gamsu, sai ya zana 'yar da'ira da alli a cikin murfin inji. Motar ba ta fita sai Baba ya zo ya ja layi a tsakiyar da'irar, wato ya amince da aikin. Har yanzu da ya daɗe da barin gareji, aljihunsa ba ya rabuwa da guntun alli. An sha wanke masa riga da shi a ciki.

To, kunnen ne ya tafi. A hankali ya tafi, kuma babu wanda ya iya faɗa masa. Bara Yaya, babban wanmu, ya kai shi ya saurari wata mota, Baba ya ce saya. Wata biyu injin ya buga. Yaya ya sayar da ita a ɓoye da asara, ya ce wa Baba wai matarsa ce ba ta son launin. Baba ya yi ta faɗa kan mata da son ƙyale-ƙyale, mu kuwa muka sunkuyar da kai.

Ni malamar makaranta ce, 'ya'yana uku. Shekara huɗu ina tara kuɗin mota, ina goyon ƙaramin ina jan biyu a bakin titi muna jiran bas, kullum sai an rufe ƙofar makaranta muke isa. Ga asibitin Baba duk Alhamis. Ba ni da ƙarfin asara irin na Yaya. In injin ya buga mini, shi ke nan, na koma bakin titi.

A filin motocin hannu da ke bayan gidan mai na ga guda biyu da kuɗina zai kai. Ɗaya ja ce, tana sheƙi, kujerunta laushi, esinta sanyi ƙarara. Wallahi da na zauna a ciki har na hango malaman makarantarmu suna leƙowa ta taga. Ɗayar mai ruwan toka ce, doguwa, ƙofar baya ta ɗan lotsa, rediyonta ba ya ko tari. Amma but ɗinta zai cinye jakunkunan yara da cefanen wata, har a sami wurin ƙari.

Da na gaya wa Abban yara, wato mijina, dabarar da na shirya ta sa wani ya duba motocin a ɓoye kafin in kai Baba, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ki faɗa wa Baba gaskiya mana. Ki ce za ki kai wani ya taya shi dubawa."

"Kai ka je ka faɗa masa, tunda bakinka ya fi nawa kaifi!" na ce. "Mutumin da ba abin da ya rage masa sai wannan? Ka san ranar da aka ce za a sayi mota har hula yake canzawa?"

"Ni dai na faɗa."

"An ji, an gode."

Ranar Laraba bayan an tashi makaranta na ɗauko Dogo. Dogo gajere ne kamar tulu, Baba ne ya laƙaba masa sunan don tsokana tun yana koyon aiki a wurinsa. Yanzu gemunsa ya yi furfura, yana da garejinsa. Tun a hanya yake ta mutsu-mutsu.

"Auta, Baba ya san da zuwan nan nawa?"

"Kai dai duba mota aka ce ka yi."

"Wallahi ban so ba. Ni in shiga gaban mai gidana?"

"Kana so in yi irin ta Yaya?"

Ya daina gardama, don shi ya kwance injin motar Yaya ya ga ɓarnar.

Dillalin, wani mai zaƙin baki da tarin makullai a hannu, ya tarbe mu yana ta yabon ja. Dogo bai ko kalle shi ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya fito da yatsa jiƙe da man giya. Ya nuna mini inda fentin ƙofa ya bambanta da na jiki, ya ce ta taɓa cin karo. Da aka tayar da ita ya ce in matso. Ko ni da ban san komai ba na ji wani ƙyat-ƙyat-ƙyat yana fitowa daga ciki.

Mai ruwan toka kuwa ya fi rabin awa a kanta. Ya zaro sandar baƙin mai ya shinshina, ya matsa tayoyi, ya zagaya da ita layi biyu yana taka birki. Ina can ina rigima da dillali kan farashi lokacin da ya rufe murfin injin ya zo yana goge hannu.

"Ba ta da kyan gani," ya ce, "amma lafiyarta ƙalau. Ba ta shan mai, kayanta kuma ko'ina akwai. Wannan za ta raini 'ya'yanki."

Raina yana kan ja, amma na ba da kafin alƙalami a kan mai ruwan toka. Sannan na ja dillali gefe, na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce ranar Asabar zan zo da mahaifina, ya yi kamar bai taɓa ganina ba. In tsohon ya zaɓi ja, ya ce an riga an saye ta.

"Malama, ai wannan ƙaramin aiki ne," in ji shi, yana dariya. Dariyar ta ƙona mini rai, don irin wadda ake yi wa abokin ƙulla tsiya ce.

Ranar Asabar da safe na tarar Baba ya riga ya shirya, yana zaune bakin gado da sabuwar hula, sukundirebar a naɗe cikin tsumma a kan cinyarsa. A cikin tasi yana ta yi mini karatu da ƙarfi, yadda masu ciwon kunne ke yi.

"Auta, kar fenti ya ruɗe ki. Dillali zai iya wanke jiki, ba zai iya wanke murya ba. Mota da bakinta take faɗar ciwonta."

"Haka ne, Baba."

"Me kika ce?"

"Na ce haka ne!"

Dillali ya yi wasansa har ya wuce gona da iri, yana tambayata ko daga ina muke. Na galla masa harara. Baba ya fara da ja. Aka tayar, ya warware tsummansa, ya kara, ya lumshe ido. Ƙyat-ƙyat-ƙyat ɗin nan yana nan, har ya fi na ran Laraba fitowa. Na dubi dillali, dillali ya dubi sama. Baba ya daɗe, ya canza wuri sau uku, sannan ya ɗago yana murmushi.

"Kai, wannan muryarta garau take. Wannan inji ne."

Gabana ya faɗi, kuma ba don tsoron zai zaɓe ta ba. Tausayinsa ne ya kama ni.

"Mu ga ɗayar, don a cika sharaɗi," ya ce.

Da kansa ya ɗaga murfin mai ruwan toka ya tokare shi da sanda. Aka tayar. Ya ɗaga sukundirebar zai kara, sai ya tsaya. Ya daɗe kansa a ƙarƙashin murfin, ya juya mana baya. Na zaci jiri ne ya ɗebe shi, na matsa zan riƙe shi, sai wayata ta yi ƙara, Abban yara ne yana tambayar inda na ajiye takalman ƙaramin. Kafin in gama masifata in juyo, Baba ya rufe murfin yana naɗe sukundirebarsa.

"Wannan za ki ɗauka," ya ce.

"Baba, ba ka saurare ta ba."

"Wannan za ki ɗauka, Auta."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina Allah ya rufa asiri, ko ƙaryar dillali ba a buƙata ba. A hanyar gida, ni ke tuƙi yana gefena, bai yi mini karatu ba. Ya dai ce in riƙa sakin kuloci a hankali. Na ɗauka gajiya ce.

Mota ta yi mini rana. Muka daina makara, yara suka raba kujeru har da faɗa kan taga, suka sa mata suna Kaka saboda launinta. Bayan sati biyu na kai ta garejin Dogo a canza baƙin mai. Ya ɗaga murfi yana yi mini tsiya kan yadda nake cin taya a kwana, sai maganar ta tsaya masa a baki.

"Auta, zo ki gani."

A kusurwar murfin daga ciki akwai 'yar da'ira ta alli. An ja layi a tsakiyarta, layin ya ɗan karkace, irin na hannun da ke rawa.

"Da'irar tawa ce," Dogo ya ce a hankali. "Wallahi ban san na yi ba. Shekara talatin hannuna ya saba, in na gama duba mota sai ya yi da kansa. Amma layin nan ba nawa ba ne."

Ba sai ya faɗa mini na wane ne ba. Na zauna kan wani benci mai maiƙo da fararen kayana, ban ko kula ba. Ni da na girma ina kallon wannan da'ira, ni ce na manta da ita. Na tsara dillali, na tsara ƙarya, na tsara har ranar zuwa, ban tuna in ɗaga murfi in duba ba. Tsoho ya sa sabuwar hula ya zo yi wa 'yarsa aiki, ya tarar an riga an gama, an kawo shi ne a yi masa wasan yara. Bai tona ni a gaban dillali ba. Ya ciro allinsa ya amince da aikin yaronsa, ya rufe.

Daga garejin gidansa na wuce. Na same shi a tsakar gida yana gyara wata tsohuwar fanka da ba wanda ya sa shi. Na durƙusa kusa da kunnensa mai ɗan sauran ji.

"Baba, na ga layin."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza wani ƙaramin noti.

"Dogo ya iya aiki," ya ce. "Ni na koya masa."

"Ka yafe mini, Baba. Tsoro na ji."

"Jar nan," ya ce, "me ke damunta?"

"Injin yana ƙwanƙwasa."

"Ke kin ji?"

"Na ji."

"Da kunnenki, ba ƙarfe?"

"E, Baba."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya ajiye notin ya dube ni.

"Motar Yayanki fa? Launi ne?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so, har na buɗe baki. Amma na gaji. Na girgiza kai, hawaye suka zubo.

"Asara nawa na ja masa?"

"Baba, don Allah ka bari."

"Kuka bar ni ina zagin matarsa shekara guda." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ku ba ku da kirki, Auta. Da kun faɗa mini, ai da na ji haushi kwana biyu na huce."

Ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki, ya fito da tsumman nan a naɗe, ya miƙo mini.

"Kai wa Dogo. Ki ce in ji ni."

"Baba, a'a."

"Karɓi mana, hannuna ya gaji."

Na karɓa. Yau wata biyar ke nan ban kai ba. Sau uku ina isa ƙofar garejin Dogo ina juyowa. Abban yara ya ce in kai amanar mutane, na ce ya fita harkata. Tana nan cikin aljihun ƙofar direba inda na jefa ta ran nan, tsumman ya warware, ƙarfen yana bugun jikin ƙofa.

Duk Alhamis nakan ɗauki Baba zuwa asibiti. Yana zama a gaba, ya ɗora tafin hannunsa a kan dashbod yana jin motsin injin ta fatarsa. Hanyar asibitin duk ramuka ce, kowane rami muka faɗa sai sukundirebar ta yi ƙwal a gefena. Makon jiya, muna tsaye a danja, ya juyo ya ce, "Motar nan shiru gare ta, Auta. Ko ƙara ɗaya babu, ko?"

Na ce, "Akwai ɗaya, Baba. A ƙofata take."

"To, ki kai wa Dogo ya duba," ya ce, ya mai da kansa ga titi.