Taliyar Sadakar Bakwai

Ningrum ta fizge biskit ɗin da majinyaciyar ta ba 'yarta Laras kafin ya kai baki. Laras ta toshe kunnuwa, ta shiga jijjiga jiki a gefen gadon majinyaciyar.

"Haba Mbah, fulawa ce fa! Za ta yi yoyo."

Haka iyayen yara masu galahanga ke cewa a ƙungiyarsu ta birnin Semarang: yaron da aka hana alkama da madara, in ya ɗanɗana, ya yi yoyo.

Mbah Sumirah, dattijuwar maƙwabciyarsu, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Kafin ciwon hanta ya kwantar da ita, ita ke haɗa magani a asibitin gari.

"Yoyo? 'Yar nan, yarinya kika haifa ko bokiti?"

"Kowa ya ce hanin yana aiki."

"Wa ya auna Kowa ɗin? Ni na karanta. An ba wasu yara fulawa a ɓoye, wasu ba a ba su ba, iyaye ba su san na wa ne na wa ba. Aka nemi bambanci aka rasa." Ta kamo hannun Laras ta ɗaga. Kamar sillen kara. "Wannan kuwa ba sai an karanta ba."

Ningrum ta kau da kai. Shinkafa Laras ke ci, ita ma tana turewa, siket ɗinta sai da aka rage masa ƙugu.

"To in zauna in zuba ido?"

"Wa ya ce? Malamar da ke koya mata magana da hotuna, riƙe ta da kyau, na ga aikinta. Ki tambayi likitan yara batun abincin. Tambaya ba ta taɓa ramar da kowa ba."

Ranar Alhamis da hantsi Mbah Sumirah ta cika. Kafin sati ya zagayo Ningrum ta kai Laras wurin likita. Ya ɗora ta a sikeli, ya gwada abin da zai gwada, ya ce cikinta ba ya faɗa da alkama.

A sadakar bakwai aka shimfiɗa tabarmi har bakin lungu. Maza suka gama addu'a, aka raba kwalayen abinci: shinkafa, ƙwai, soyayyar taliya. Laras ta buɗe nasu, ta sa yatsa.

"Ningrum, 'yarki!" in ji Wulan, shugabar ƙungiyar iyayen. "Shekara biyu kina hana ta fulawa, za ki zubar a tabarma?"

Hannun Ningrum ya tashi da kansa. Ya tsaya a iska. Sai ta mayar da shi cinyarta.

"Bar ta, Bu Wulan. Sadakar Mbah ce."

Laras ta zauna a dokin ƙofar marigayiyar, ta juya wa taron baya. Tana zaro taliyar sili-sili, ta ɗaga wa fitila ta duba, sannan ta zuƙe, maiƙo na sheƙi a haɓarta.