Jaridar da Tela Ya Yanka

Tela ya haddace rubutun wani marubuci da gwamnati ta tsare, mai fayyace rikicin manyan ƙasashe dalla-dalla. A ƙarƙashin keken ɗinki yake ɓoye tsohuwar jaridar da ke ɗauke da rubutun da hoton marubucin.

Wani baƙo ya zo awon riga, idonsa ya faɗa kanta.

"Maigida, kana karanta shi?"

Tela ya dubi baƙin takalmin mutumin mai ƙyalli, irin na jami'an tsaro.

"Ina ruwana da siyasa? Kwalar riga nake fitarwa da ita."

Ya sa almakashi ya raba hoton marubucin biyu.

Baƙon ya sunkuya ya tsinci guntun.

"Yayana ne," ya ce a hankali. "Duk ziyarar da na kai masa, tambayata yake ko akwai mai karanta shi har yanzu."