Ginshiƙin da Ya Tsaya da Ka

A tsakiyar matakalar dutse mai hawa zuwa haikalin Buddha, Hatanaka Juzo ya tsaya yana haki, hannu ɗaya a sanda, ɗaya a kafaɗar 'yarsa Mitsue. Ta ce su koma, ya ce ko da rarrafe sai ya kai. Likita ya riga ya faɗa musu abin da ke cikin huhunsa. Jibi za a ba shi gado a asibiti a birnin Nara, kuma babu wanda ya yi zancen ranar sallama.

Mitsue ta ɗauka kewar aikinsa ce ta fito da shi. Ba ta san ya yi wa malamin haikalin waya ba, ya ce yana da maganar da zai faɗa masa, maganar da ya shekara arba'in da shida yana haɗiyewa.

Suka cire takalma suka shiga. Zauren yana nan yadda ya san shi, da sanyinsa da ƙamshin turare da tsohon itace. Shekara dubu da wani abu ke nan yana tsaye babu ƙusa ko ɗaya, itace ne kawai ya riƙe ɗan'uwansa. Juzo ya ɗaga kai ya bi azarun da kallo har inda rufin ya lanƙwasa, ya ji ƙwalla ta taru masa. Mutane sun yi cincirindo gaban mutum-mutumin Buddha, shi kuwa ko kallon wajen bai yi ba. Ya nufi ginshiƙi na uku a gefen arewa.

Ko sabon shiga a sana'ar kafinta ya san ginshiƙi yadda ya tsaya a daji haka ake tsayar da shi, gindi a ƙasa, kai a sama. Wanda aka kifa, kafintoci sun ce masifa yake jawo wa gida. Lokacin babban gyaran zauren, Juzo ne mai sa alamar gindi da tawada, abokinsa Kiriyama Norio ne mai tayarwa. Ran nan Juzo ya zo aiki da ragowar giyar jiya a kansa, ya sa alamar a kai maimakon gindi. Norio ya yarda da shi, ya tayar. Da Juzo ya gano, sai ya faki ido ya je ya kankare alamar. Sai bayan an ɗora rufi ubangidansu ya lura da yadda idanun itacen, wato guraben rassa, suke kallon ƙasa, lokacin babu halin sakewa. Aka kori Norio a gaban kowa. Ya kalli Juzo sau ɗaya, ya tattara kayan aikinsa. Bai sake taɓa haikali ba, akwatunan kifi ya koma haɗawa a Osaka har ya mutu yana da shekara hamsin. Juzo kuwa ya yi suna, har lambar yabo aka rataya masa.

Abin mamaki, yau igiya aka zagaye ginshiƙin da ita, ga ɗan allo, ga baƙi suna ɗaukar hoto. Wata mace mai furfura tsilli-tsilli tana yi musu bayani, murya cike da alfahari. Wai wani masani daga jami'a ya bincika, ya ce manyan kafintocin dā da gangan suke barin aibi ɗaya, don ginin da ya cika ba saura daga ranar yake fara rushewa. Wai wanda ya yi wannan ya san sirrin, ya gwammace a kore shi da ya bar zauren ya faɗi.

"Kuma mahaifina ne," in ji ta.

Juzo ya juya yana neman wurin zama. Mitsue ta zaunar da shi a dakalin katako, ta ce wa matar ta yi haƙuri, tsohon yana cikin waɗanda suka yi gyaran. Matar ta tambayi sunansa. Da ta ji, sai ta durƙusa a gabansa har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Ta ce ita ce Fumie, yana ɗaukarta a wuya tana ƙarama. Ta ba shi labarin da bai tambaya ba: yadda ta tashi ana kiranta 'yar wanda bai san gindi da kai ba, yadda mahaifiyarta ta rasu ba ta ƙara ambaton garin nan ba, yadda ita kanta sai da aka kafa allon nan ta iya dawowa. Shekara tara ke nan tana wannan bayani kyauta.

Sannan ta rage murya.

"Kawu, masanin nan bai san Baba ba, kai ka san shi. Baba kuma bai taɓa ce mana komai ba. Don girman Buddha ka gaya mini, da gangan ya yi, ko?"

Juzo ya kalli ginshiƙin. Ya zo ne ya wanke Norio, ga shi wankin zai ƙwace wa 'yarsa abu ɗaya tak da ta samu. Ya ji tsanar kansa, don ya san har yau shirun shi ma yana yi masa amfani.

"Fumie," ya ce, "tunda nake da ubanki bai taɓa kuskuren gindi da kai ba."

Ta rufe fuska da tafin hannu ta yi kuka sosai. Can ta miƙe ta kirawo baƙin, ta ce su zo su ji daga bakin wanda aka yi a gabansa. Suka kewaye shi, wayoyi a sama. Ya sake faɗa, sau biyu, don na baya ba su ji ba.

Ana cikin haka malamin haikalin ya iso, wani mai ƙuruciya da askakken kai, yana ba da haƙurin jinkiri. Ya ce an dafa shayi a ciki, su shiga ya ji maganar da ta taso da dattijo tun daga gida cikin wannan hali. Fumie na tsaye kusa, tana share ido tana murmushi.

"Wace magana, Baba?" in ji Mitsue.

"Na manta," Juzo ya ce. "Tsufa ne. Kama ni mu tafi."